Abin da Khadiga Ke Kullewa a Akwati

Kafin a ga Khadiga ana jin ta. Makullai goma sha ɗaya take ɗaurewa a gefen tob ɗin da take lulluɓa da shi, tana tafe suna kacau-kacau tun daga bakin layi, har yaran unguwa sun san idan sun ji ta wuce ba su yi wanka ba to sun makara. Doguwa ce siririya, ƙafa faffaɗa, tana taku irin na wadda ta girma tana tsallake magudanar ruwa. Kyau dai ba ta da shi, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba, wannan na yaba mata.

Shekara ashirin da huɗu tana farrasha a makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Umdurman. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ita ke shara, ita ke kai wa malamai shayi. Mudira huɗu, shugabannin makarantar, suka zo suka wuce, makullan suna nan a ƙugunta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta guda yana kwandasta a Suk al-Shabi, ba ta da gidan kanta sai ɗaki ɗaya da rumfa a bayan masallaci. Idan aka tambaye ta abin da ta mallaka a duniya, makullan nan za ta girgiza.

'Yar kambo ce. A Jazira aka haife ta, cikin bukkokin masu cirar auduga a gefen gonakin wasu. Mu da kakanninmu suka zauna Umdurman tun kafin a yi gada, gaskiya muna gaisawa da irinsu ne da kan yatsu. Hausarmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, amma idan ta zo suna sai a ba ta tabarmar da ke kusa da ƙofa. Ni ma na sha yi, ba zan ɗora wa wasu ba.

Abin da ya haɗa ni da ita jikata ce, Nahla, 'yar ɗana Hussein mai ƙera tukwane a Kasuwar Umdurman. Tun yarinyar tana shekara shida ya laƙaba mata Daktora. Ba shi kaɗai ba, duk layin. Idan na yi tari sai a ce, Gogo, yi haƙuri, Daktora na tafe. Shekarar da za ta zauna Shahada, jarrabawar gama sakandare, shekarar da daga ita sai wadda aka fara harbe-harben yaƙi, gidanmu ya koma gidan makoki. An kashe talabijin, an hana ta zuwa bikin 'yar ƙanen uwarta, baƙo idan ya shigo sai ya yi sallama da raɗa. Ana kai mata shayi da gahawa ɗaki kamar mai jego.

Yarinya ta bushe. Idan ta taje kai sai a ga gashi cunkus a mataji. Ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi, a yi mata magana ta zabura. A gwajin farko na makaranta, ranar kimiya, ta zauna awa guda ba ta rubuta komai ba sai sunanta. Hussein da ya ji, maganin da ya samo shi ne ƙara mata malamin darasi. Ɗana ne, ni na haife shi, amma idan tukunya ta tsage a hannunsa ƙara mata guduma yake yi.

Bayan ƙaramar sallah sai abubuwa suka canza, kuma a nan hankalina ya ƙi kwanciya. Nahla ta ce daga makaranta za ta riƙa wucewa bita da ƙawarta Sulafa, sai la'asar ta dawo. Hussein ya ji kalmar bita ya sa albarka. Kwana goma ba a yi ba yarinya ta fara cin kisra, gurasarmu ta dawa, har huɗu. Ta fara tsokanar ƙannenta. Ana isha'i ta rufe littafi ta yi miƙa. Wata rana ta shigo da zane-zane a kumatu kamar an danna fuskarta a kan raga, na tambaye ta, ta ce jaka ta jingina. A gwaji na biyu kimiyar da ta ba ta kunya ta ci saba'in da wani abu.

To ni ban yi boko ba, amma na yi shekara saba'in da uku ina kallon mutane. Karatu ya ragu, maki ya ƙaru. Ku ce min ina aka taɓa haka.

Na tari raksha, keke mai ƙafa uku, na ce wa direban ya bi ta a hankali. Direban ya dube ni ta madubi, na ce ya dubi hanya, ba kakarsa ba ce. Nahla ba ta nufi gidan su Sulafa ba. Ita da Sulafa da wasu huɗu suka karya kwanar masallaci, kowace da jaka kamar ta ɗauko tubali, suka shige gidan Khadiga aka rufe ƙofa. Na tsaya na kasa kunne. 'Yan mata shida a wuri guda, babu mai ko tari. Na leƙa ta tsagar kwanon ƙofar, na hango Khadiga a sunkuye kan wani koren akwatin ƙarfe, ta zaro mabuɗi daga cikin tarin nan na makaranta, ta datse kwado.

Da yamma na tsare yarinyar. Ta ce, "Ma fi haja, Haboba, ba komai, kaka, bita ce kawai," idonta a kan yatsun ƙafarta. Washegari kuma na ji ta a waya tana ce wa Sulafa idan Abuya, wato ubanta, ya ji zancen akwati sun mutu.

Mai makullin ofis, ga akwati, ga yara suna cin jarrabawa babu karatu. Ko jaririn da ke goye zai iya haɗa wannan.

Ranar Laraba muna shan jabana, gahawarmu ta hira, a gidan Hajaratu, maƙwabciyata, wadda idan ana so labari ya tsallaka Nilu kafin magariba ita ake faɗa wa a ce kada ta faɗa. Allah shaida ban ce Khadiga ta saci takardar jarrabawa ba. Cewa na yi akwai masu makullai da yawa da ya kamata a riƙa lura da su, sai na ba da labarin akwatin, na kurɓi gahawata. Jikar Hajaratu ma tana ajin, ba ta kuma cikin shidan. Na ga yadda ta ajiye finjalinta na san aiki ya kama.

Ranar Asabar maganar ta dawo min da ƙafa da hannu. Wai takardun Shahada ne da kansu a akwatin, wai har da amsoshi, wai shekara goma ana yi. Ranar Lahadi iyaye uku suka je wa mudira. Mudirar ta san takardun Shahada ba a makarantarta suke kwana ba, amma saura mako uku a fara, tana tsoron maganar ta hau sama a zo a yi mata bincike. Ta kira Khadiga gaban malamai ta ce ta ajiye makullan. Hajaratu ce ta kawo min labari, tana haki: Khadiga ta kwance su ta ajiye a tebur, sai ƙaramin mabuɗi ɗaya ta cire ta ce wannan nata ne.

Ranar na ga ta wuce ta layinmu. Sai da ta kusa ƙofata na lura da ita, don babu ƙara. Hannunta na kai wa ƙugu yana dawowa. Abin ya ɗan taɓa ni, amma na ce wa raina mabuɗin da ta hana shi ne zancen.

Litinin da azahar ni da Hajaratu muka je. Rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, wuta an ɗauke tun safe. Ban ƙwanƙwasa ba, tura ƙofar na yi.

Gadajen igiya uku a ƙarƙashin rumfa, tabarmi biyu a ƙasa, an yayyafa wa ƙasar ruwa. 'Yan mata shida a zube, wata baki buɗe, wata hannu na lilo. Nahla ta kifa kumatu a kan igiyar gadon ko matashi babu. Hajaratu ta dafe ƙirji ta ce ƙwaya aka ba su. Khadiga tana zaune a kan koren akwatin da mafici a hannu tana yi musu fifita. Ba ta ko tashi ba. Ta ɗora yatsa a leɓe.

Na ce ta tashi ta buɗe.

"Sannu da zuwa, Hajja," ta ce a hankali. "Sai an kira la'asar."

Na ce ni ba sa'arta ba ce, yanzu nake so.

"Hajja, ko mudira ce ta zo, sai la'asar. Ga tabarma."

Tabarmar kusa da ƙofa ta nuna mana. Ban san ko da gangan ta yi ba, har yau ina zargin da gangan ne. Muka zauna, don na rantse ba zan ɗauke ido daga akwatin ba, kada a canza abin da ke ciki. Akwai ƙwarya a gefe da ragowar godogodo, na ɗauka na sunsuna, na lasa. Gero da nono ne da ɗan sukari. Na sake lasa don tabbatarwa. Hajaratu da ta zo kama masu ƙwaya, kafin rabin awa ta jingina da bango tana minshari.

A wannan zaman ne Khadiga ta ba ni labarinta, ƙasa-ƙasa, maficin bai tsaya ba. Ta ce a kambo ana fita cirar auduga tun raɓa ba ta bushe ba, idan rana ta take sai uwarsu ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓe kwanduna, ta kife su a gindin bishiya ta zauna a kai. Babu mai sake taɓa kwando sai inuwa ta juya. Ba don tausayi ba, ta ce, uwarta ba ta san wannan ba. Lissafin aiki ne: wadda ta yi ta cira cikin rana ranar farko takan fi kowa a ma'auni, rana ta huɗu hannunta ya fara rawa tana haɗa ganye da auduga, kafin mako an kwantar da ita. Ita kanta tana 'yar sha uku ta ɓoye wani kwando a cikin gona don ta wuce wata yarinya da suke gasa. Kwana biyar tana satar aikin rana. Na shida aka tsince ta a kwance tsakanin layuka, ta yi mako uku ba ta fita ba, waccan yarinyar ta gama kaka tana mata gwalo.

Na ce to ina ruwan auduga da kimiya.

Ta ce malama maki take gani, mai shara kuwa ita ke ganin bayan ɗakin ajiya. A can take tsintar takardun da aka yayyaga, a can take samun masu kuka, a banɗaki take wanke aman waɗanda suka sha gahawa babu abinci. Kowace shekara idan Shahada ta matso sai ta ga hannaye suna rawa irin na kambo. Nahla ma a bayan ɗakin ajiya ta same ta ranar gwajin farko, a tsugune, tana maimaita abin da ta kasa rubutawa, kalma bayan kalma, duk ta sani. Ta ce mata ta zo gida ta sha ruwa. Yarinya ta zauna a gado ta ce minti biyar, sai la'asar ta farka.

"Na ce ta dawo gobe, ta dawo da littafi. Tana kwance tana leƙa shi. Sai na karɓe."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa iyaye kamar mutuniyar kirki. Nan ne kaɗai maficin ya tsaya. Ta ce ta taɓa gwadawa shekarun baya, ta tari wani uba a ƙofar makaranta ta ce 'yarsa barci take bukata. Ya ce ta riƙe tsintsiyarta ta bar masu ilimi da ilimi, ya kai ƙararta. Daga nan ta daina faɗa, wadda ta zo ta zo. Ta ce ta san ba daidai ba ne yara su yi wa iyaye ƙarya, ba ita ta sa su ba, ba ta kuma hana su ba, wannan laifin ta ɗauka.

Aka kira la'asar. Ta tashe su ɗaya-ɗaya ta sunan kowace, ta ce su wanke fuska su yi alwala. Nahla ta ɗago da zanen igiya a kumatu, ta gan ni. Khadiga ta sauka daga kan akwatin ta miƙo min mabuɗin.

Littattafai ne. Kimiya, fiziya, Larabci, duk sun ci kunne, kowane da sunan mai shi. Wayoyi shida a cikin tsohuwar safa. Littafin Nahla na gane shi da tabon shayin da ni na zubar. Na zazzage komai, na ƙwanƙwasa gindin akwatin ko yana da ɓoyayyen ciki, na ɗaga takardar jaridar da aka shimfiɗa. Tsatsa kawai.

Sulafa ce ta fara dariya. Nahla ba ta yi ba. Ta ce, "Haboba, ke ce kika baza zancen?" Na sunkuya na hau mayar da littattafan cikin akwatin.

Hussein na fara tarewa da ya dawo kasuwa. Zancen sata bai girgiza shi ba kamar zancen barci. Ya riƙa ƙirgawa da yatsu, awa biyu da rabi kullum har wata guda, Yumma, kin san babi nawa ke nan? Na ce ya kawo min takardar gwajin farko da ta biyu ya nuna min babin da ya ɓata. Na ce shi da bai gama aji shida ba, kullum da azahar yana rufe shago ya miƙe a kan buhu, ko yana tsammani ban sani ba. Na kuma ce daga yau sunan da na raɗa mata shi za a kira ta da shi, Daktora idan ta zo ma gaisa. Ya yi fushin kwana biyu yana cin abinci a waje, na uku yunwa ta dawo da shi.

Mudira ta fi wuya. Na sa tob ɗina na zuwa ta'aziyya, na ja Hajaratu, muka sa raksha ta ɗauko akwatin har ofis. Na faɗi komai gaban malaman da aka karɓi makullan a gabansu, na ce maganar daga bakina ta fito, ga ni ga bakin. Mudira ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma magana ta riga ta fita, makullai za su zauna wurin wakiliyarta sai an gama Shahada. Na koma washegari. Na koma jibi. Ta sa aka daina kawo min shayi, na zo da nawa a filas. Ba ta motsa ba. Mace ce mai taurin kai, da a gidanmu aka haife ta da mun shirya.

Haka Khadiga ta zauna har ƙarshen makonni biyun jarrabawa babu makulli, karo na farko cikin shekara ashirin da huɗu. Kowace safiya tana tsaye da tsintsiya a waje har wakiliya ta zo ta buɗe mata ƙofar da ta saba buɗe wa kowa. Wakiliyar ba ta san mabuɗin ajin ƙarshe sai an ɗaga ƙofar da gwiwa ba, Khadiga tana kallo, sai da aka tambaye ta sannan ta nuna mata. Da azahar kuwa rumfar ta cika, don iyayen da suka kai ƙara su ne suka fara turo nasu. Jikar Hajaratu ta samu gado, Sulafa ta koma tabarma. Ni na ba da gadajena biyu, na kuma bi gidajen jabana ɗaya bayan ɗaya ina janye abin da na shuka. Labarin sata kwana uku ya yi ya gama unguwa, na gaskiya har yau akwai lungun da bai kai ba.

Nahla ta zauna kowace takarda ta rubuta har layin ƙarshe. Da sakamako ya fito, tamanin da ɗaya cikin ɗari ta samu, bai kai likitanci ba. Washegari Hussein ya je ya sayo rago. A walimar na sa aka shimfiɗa wa Khadiga kusa da ni, ta ce ita ta saba da bakin ƙofa, iska ta fi, ta je ta zauna can.

Makullan kuwa, tun ranar da aka gama takarda ta ƙarshe mudira ta mayar mata da su. Ina zaune a ƙofar gida da yamma na ji kacau-kacau tun daga kwanar masallaci, yara suka fito suna leƙe. Ta tsaya a gabana ta gaishe ni yadda ta saba, da rusunawa. Na ce ta yafe min. Ta daɗe tana juya ƙaramin mabuɗin nan, ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

"Hajja, akwai sauran wuri a akwatin," ta ce. "Da harshe na ciruwa, da na riƙa ajiye miki naki daga azahar zuwa la'asar."

Na ce hana ni magana awa biyu sai dai a sa min wani abu a godogodo, kuma har yanzu ban gama yarda babu komai a cikin nata ba. Ta ɗaure makullan a gefen tob, ƙulli biyu, ta ja ta ga sun zauna, ta wuce.